Wayata cike take da mutane, gidana babu mai sallama

Assalamu alaikum. Ni ƴar Kano ce, shekarata 24, wata goma sha ɗaya ke nan da aure ya kawo ni Legas, wajajen Ikorodu. Maigidana yana harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12, yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i. Mu iyali shida ne a gidan da muke haya, babu Bahaushe ko ɗaya, kuma ban san sunan kowa ba. Ina cikin gurup 19 a WhatsApp, kullum sai mun yi kiran bidiyo da Umma, wani lokacin har awa biyu, sauran yinin kuma ina TikTok. Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da ni, na sa a sitatus, mutum fiye da tamanin suka yi mini sannu, amma ban samu mai miƙo mini ruwa ba har maigida ya dawo. In ya dawo ma, shi da wayarsa, ni da tawa. Yayata ta ce in goge komai in huta, ni kuma ina ganin in na goge kaɗaici zai kashe ni. Yaya zan yi?

Amarya a Ikko

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Kada ki goge komai. Yayarki ta ga ciwon, maganin ne bai dace ba. Wayar nan ita ce igiyar da ta haɗa ki da mahaifiyarki da ke nisan tafiyar yini da kwana a mota, kuma ba a yanke wa mutum igiya ɗaya tilo kafin a ɗaura masa wata. Amma akwai abin da wayar take yi miki wanda ba ki lura da shi ba. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, amaryar da aka kai Ikko ba ta da hanyar jin gida sai wasiƙa ko saƙon baki ta hannun direba. Ita ma tana kuka, amma cikin sati guda dole ta leƙa ɗakin maƙwabciya, don tana neman aron turmi, tana son sanin inda ake niƙa, kuma bakinta ya gaji da shiru. Kewar ce take tura ta waje. Ke kuwa duk sanda kewa ta taso sai ki ɗauki waya, ta lafa kaɗan, ki fasa fita. Kamar mai yini yana cin kayan ƙwalam da maƙulashe ne, bai ji yunwar da za ta sa shi ɗora tukunya ba, kuma bai ƙoshi ba. Wata goma sha ɗaya kina kwana a Legas kina yini a Kano.

Fara da awo. Kwana uku kada ki sauya komai, ki dai riƙa duba lissafin da wayar take yi da kanta. A yawancin wayoyin Android, har da Tecno da Infinix na yanzu, ki shiga saiti ki nemi Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Zai nuna miki awa nawa kika yi a kowace manhaja da kuma sau nawa kika buɗe wayar. Ki rubuta a takarda, sannan ki kasa lokacin kashi uku: magana da wanda ya san ki, kina faɗa yana amsawa, hidima, irin karatu ko koyon girki ko sana'a, sai leƙe, wato kallon sitatus, jan bidiyo da yatsa, da karanta hirar gurup ɗin da ba ki cewa uffan a ciki. Na farko yana rage kaɗaici. Na uku ne yake ƙara shi, kuma galibi shi ne ya fi cin lokaci.

Dalili biyu ne. Na ɗaya, abin da mutane suke ɗorawa zaɓaɓɓe ne, ranar biki da sabon leshi da fita cin abinci, ke kuma kina auna shi da yininki na daga ke sai fanka. Na biyu, TikTok ba shi da ƙarshe. Littafi yana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da sallama, wannan kuwa an gina shi ne ba tare da wurin tsayawa ba, kuma yana lura da bidiyon da kika daɗe a kai ya ƙaro miki irinsa. In kika tsaya a kan bidiyo uku na mace mai kukan miji, zuwa dare sai ki ɗauka babu aure mai daɗi a duniya. A 2018 masu bincike a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ƙarƙashin Melissa Hunt, sun ɗauki ɗalibai 143, suka taƙaita wa wani kaso daga cikinsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma kowanne a rana. Bayan sati uku waɗanda aka taƙaita wa sun fi sauran samun sauƙin kaɗaici da damuwa. Lura, ba gogewa suka yi ba, ragewa suka yi.

To ki sa wa TikTok iyaka ta minti 30 a cikin wancan saitin. In lokacin ya cika manhajar za ta rufe sai bayan sha biyun dare. Inda abin yake lalacewa shi ne, wanda ya sa makullin shi ne mai mabuɗin, taɓawa biyu kin cire. In kin karya iyakar kwana uku a jere, kada ki tsaya zargin kanki, ki cire manhajar daga wayar Litinin zuwa Juma'a, ki mayar da ita Asabar. Akawun ɗinki ba ya ɓacewa don kin cire manhaja.

Sai gurup 19. Masani Robin Dunbar na Ingila ya yi fice da lissafin cewa ɗan Adam ba ya iya riƙe hulɗa mai ma'ana da mutum fiye da kimanin 150, kuma na jiki sosai a cikinsu ba su wuce biyar ba. Gurup ɗaya na WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024. Kin ga ke nan tamanin ɗin da suka yi miki sannu ba mugunta suka yi ba, iya abin da taro yake iyawa ke nan. Ki bar uku ko huɗu a buɗe: na gidanku, na dangin miji, da ɗaya da yake amfanar ki da gaske. Na dangin miji kada ki fita ko ya dame ki, fitar amarya daga gurup ɗin dangi magana ce da za ta kai Kano kafin magariba. Sauran ki danna su ki zaɓi Mute, ki sa Always, sannan ki tura su Archive don su bar fuskar wayar. Duk da haka in an ambaci sunanki ko an amsa saƙonki za ki gani. Waɗanda ba ki ma tuna wanda ya saka ki ba, ki fita. Yanzu masu kula da gurup kaɗai ake sanarwa, sai dai sunanki yana zama a jerin waɗanda suka fita har kwana 60. Ki kuma shiga Privacy, ɓangaren Groups, ki mayar da shi My contacts, don kada baƙo ya sake jefa ki wani. Mutum ukun da kika fi buƙata, ki maƙale hirarsu a sama da Pin. Wadda sitatus ɗinta yake tayar miki da hankali, ko da ƙawarki ce ta amana, ki ɓoye shi, ba za ta sani ba.

Wata magana a gefe, tunda mun zo nan: gurup ɗin matan aure da ba ki san fuskokinsu ba ba wurin kai ƙarar miji ba ne. Saƙon da kika rubuta cikin fushi ana ɗaukar hotonsa cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ba ki da ikon inda zai tsaya. Haka adashi da mutanen da ba ki taɓa gani ba.

Kiran Umma ki riƙe shi, amma ki yi masa lokaci da iyaka, kamar minti 20 zuwa 30 bayan la'asar, dogon kuma ranar Juma'a. Kiran awa biyu kullum yana ƙarar da labari, in labari ya ƙare kuma sai a shiga ƙananan abubuwan cikin gida, ya dawo a makare, bai yaba miya ba. Ke za ki manta zuwa safe, uwa ba ta mantawa. Ki faɗa mata dalilin ragewar da bakinki don kada ta zaci wani abu ya faru: kina son ki fara sanin mutanen unguwa ne. Da wuya uwar da ta aurar da ƴa nesa ta ƙi wannan. Ita ma abin da yake hana ta barci ke nan.

Yanzu babban aikin, wanda babu saitin da zai yi miki shi. Zumunta a ƙafa take. Gidaje biyar ne kewaye da ke, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai ware ƙabila ko addini ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abu Zarri in ya dafa romo ya yawaita ruwansa ya ɗiba wa maƙwabta. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta buɗe ƙofa, har yau. Amma kafin kwano, gaisuwa. Yarbawa mutane ne masu ɗaukar gaisuwa da nauyi kamar mu, kuma wata goma sha ɗaya na wucewa shiru wataƙila sun fassara shi da girman kai, ba kunya ba. Ki koyi kalma huɗu: "E kaaro" da safe, "E kaasan" da rana, "E kurole" da yamma, "E se" don godiya. Ga babbar mace ki ƙara "ma", ki ɗan rusuna. Ki tambayi sunan ɗanta na fari, don ana kiran uwa da "Iya" a haɗa da sunan ɗan, kamar yadda muke cewa Maman wane. Za su yi dariyar harshenki. Dariyar nan ita ce ribar, kada ki ji haushi.

Sati guda kina gaisuwa, ki kuma sauya lokacin shanya da zubar da shara zuwa sanda matan gidan suke waje. A sati na biyu ki zaɓi mace ɗaya, wadda ta fi sakin fuska, zai fi kyau ta girme ki. Ki kai mata abin da ba ta iya yi da kanta: waina da ƙuli, dambun nama, kunun aya mai sanyi, ko kilishin da aka aiko miki. Kada ki rage yaji, ba sa tsoronsa. Ki kai da kanki, kada ki aiki yaro, ki tsaya minti goma ki tafi ko an ce ki zauna. Ki kai a kwano mai kyau wanda dole a dawo da shi, ba a leda ba, domin dawo da kwanon shi ne ziyara ta biyu. Bayan kwana biyu ki nemi ƙaramar alfarma a wurinta, ta nuna miki inda take sayen kifi ko wurin tela. Mutum ya fi sakewa da wanda ya taɓa yi wa alheri fiye da wanda kullum shi ake ba.

Abubuwan da suke ɓata wannan sanannu ne. Gaggawa: mai kaɗaici in ta samu kunne sai ta juye komai a zama ɗaya, har sirrin ɗaki, washegari ta ji kunya ta janye. Kuɗi: kada ki ranta kada ki ba da rance a watannin farko, in an tambaya ki ce sai kin shawarci maigida. Tsegumi: gidan haya ba ya rasa tsohuwar rigima a kan kuɗin wuta ko famfo, kuma kowane ɓangare zai so ya ja sabuwa. Ki saurara, kada ki kai, kada ki kawo, ki tabbatar kasonku na wuta da shara yana fita a kan lokaci. In ta farko ta karɓe ki a sanyaye, ba ke ba ce, ki gwada ta biyu.

Ki kuma san cewa abin yana cin lokaci, don kada ki karaya a sati na uku. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya ƙiyasta cewa ana buƙatar zaman tare na kimanin awa 50 kafin wanda aka sani ya zama abokin hira, kimanin 90 kafin ya zama aboki, fiye da 200 kafin ya zama amini. In kina haɗuwa da mutane awa biyu sau biyu a sati, awa 50 wata uku ke nan. Shi ya sa gaisuwar bakin ƙofa kaɗai ba ta isa ba, sai da wurin da za ki riƙa ganin fuskoki iri ɗaya a rana iri ɗaya. Islamiyyar matan aure ta fi komai dacewa. Legas ba ta rasa Hausawa ba, akwai su da yawa a Mile 12 da Agege da Idi-Araba, kuma ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, tana da reshe a jihar. In kin iya ƙunshi ko kitso ko haɗa turaren wuta, kin samu wata ƙofar. Lalle kaɗai yana zaunar da mace a gabanki awa biyu hannunta a miƙe, ba ta iya taɓa waya, dole a yi hira.

A nan ne intanet za ta yi miki aikin kirki. Abokan kasuwar maigidanki da yawa suna da iyali a kusa. Ki roƙe shi lambar matan biyu daga cikin waɗanda ya yarda da gidajensu. Ki kira, kada ki tura saƙo, kuma ki ɗaura wa kanki ƙa'ida: duk wadda take inda keke ko mota ɗaya za ta kai ki, hirarku ta waya ta ƙare da rana da lokacin haɗuwa. In ba haka ba za ki wayi gari da gurup na ashirin. Wadda kika sani ta intanet kaɗai, ba ta hannun wani ba, haɗuwar farko a wurin taro, da rana, da sanin mijinki.

Shi kuma maigida, ki yi masa adalci a abu ɗaya: wayarsa shagonsa ce. Motocin tumatir da albasa da suke tasowa daga Arewa da dare suke tafiya, direba da dillali suna iya nemansa kowane lokaci. In kika ce ya kashe waya, kin nemi abin da ba zai iya ba, kuma zai ji kamar ba ki san wahalarsa ba. Abin da za ki nema ƙarami ne mai iyaka: rabin awa a kan abincin dare, a kashe data, a bar layi a buɗe don kiran gaggawa, wayoyin biyu a kife a kan tebur. Kada ki tayar da maganar a bakin ƙofa yana shigowa daga cunkoson titin Ikorodu. Ki bari ya yi wanka ya ci, ko ki jira ranar da kasuwa ta yi sauƙi. Ki fara ajiye taki kwana biyu ba ki ce komai ba, sannan ki ce masa wani abu kamar: "Ina yini ina jiran dawowarka. Alfarma nake nema, rabin awa kawai in muna cin abinci mu ajiye waya, ni da kai." Kalmar "kullum kai" da "ba ka taɓa" su suke mayar da roƙo ya zama shari'a. Habaici a sitatus kuma ya fi komai muni, duk duniya za ta gane da shi kike, shi ne na ƙarshen gani.

Kwanakin farko za ku iya yin shiru kuna kallon kwano, har ku ji abin wani iri. Ba alamar babu ƙauna ba ce, labari ne babu, tunda yininki duka a cikin waya ya wuce. Ranar da kika dawo da labarin yadda Iya ta yi dariyar Yarbancinki, rabin awar ba za ta isa ba. Maganar fita ma ki kawo masa ita a shirye, ba "na gaji da zaman gida" ba: wuri kaza, Talata da Alhamis, ƙarfe goma zuwa sha biyu, kuɗin mota kaza, tare da matar wane. Namiji ya fi saurin amincewa da abin da ya ga iyakarsa, musamman a garin da shi ma yake jin tsoronsa a kanki. Da dare kuma cajar waya ta koma falo. In kina tashi sallar asuba da ƙararrawar waya, ki ajiye ta inda sai kin miƙe tsaye za ki kai gare ta.

Abu ɗaya kada ki haɗa shi da kewar gida. In kin kai sati biyu kusan kullum ranki a ɓace, abin da kike jin daɗinsa a da ya daina yi miki daɗi, barci ko cin abinci ya rikice, kina kuka ba dalili, ko tunanin gara mutuwa yana zuwa miki, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki je babban asibiti mafi kusa ki faɗa wa likita kamar yadda kika faɗa mana, a kuma duba jininki, don ƙarancin jini da farkon ciki suna kawo kasala mai kama da wannan. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana duba masu irin wannan larura su koma gida, ba sai an kwantar ba. Tunanin cutar da kai kuwa ba a kwana da shi, a faɗa wa miji ko Umma a ranar.

Zazzaɓin watan jiya kada ya sake samun ki a haka. Yau ɗin nan ki yagi takarda ki rubuta lambar maigida, ta abokin kasuwarsa da yake kusa da shi in tasa ba ta shiga, da 112 da 767 na agajin gaggawa a Legas. Ki bar layi biyu babu komai, ki manna takardar a bayan ƙofa. Layi biyun na matan gidanku ne. Ranar da aka dawo miki da kwano ki ce, "Iya, ba ni lambarki, ni kaɗai nake yini," ki kuma ba ta taki.